Hasumiyar da Ba Ta Magana da Sassafe

Ɗaliban da ake turo mana su yi 'yan watanni a shagonmu na Nguru, kusan dukkansu tambaya ɗaya suke yi a makon farko: yaushe za a hau? A ganinsu aikin bai wuce mutum ya ɗaura bel, ya hau hasumiya, ya ɗaure waya, ya ɗauki hoto, ya sauko ba. Ban ce laifinsu ba ne. Ni ma da na fito da takardar karatun lantarki haka na zata, ko kusan haka. Na sha gwada yi musu bayani da baki, amma in na fara sai in tsinci kaina ina gyara maganar tun ban gama ta ba, su kuma hankalinsu ya koma kan waya. Shi ya sa na ce bari in rubuta. Ba duk abin da zan faɗa nake da tabbaci a kansa ba. Inda ban tabbata ba, zan ce ban tabbata ba.

Rediyon oba-oba na hannu ba ya kai magana nesa. Saboda haka ake kafa hasumiyar ƙarfe a kan tudu, a ɗora eriya a ƙololuwa, a ajiye wata na'ura a ɗan ɗaki a gindi. Na'urar ita muke kira rifita. Tana karɓar maganar da ta iso a raunane, ta ƙara mata ƙarfi, ta sake cilla ta. Tsakanin eriyar da ke sama da rifitar da ke ƙasa akwai kebul guda ɗaya mai kaurin rake, kuma shi ne sana'armu. Daga waje baƙar roba ce, a ƙarƙashinta jan ƙarfe, sai farin soso, sai jijiyar jan ƙarfe a tsakiya. A kowane ƙarshe ana saka masa kan haɗi, mai wata 'yar allura a ciki. In allurar nan ta ja baya da faɗin gashi ɗaya, duk kuɗin da aka kashe wa hasumiyar ya zama ado.

Aikin farko da na yi da Baba Bukar a wata gajeriyar hasumiya ne bayan tashar jirgin ƙasa, kuma ban hau ba. Baba Bukar Babarbare ne, a lokacin ya haura hamsin, karatunsa na allo ne, amma duk yankin nan in ana maganar hawa sunansa ake fara kira. Na nuna masa takarduna. Ya riƙe su a juye, da gangan nake zato, ya miƙo mini, ya gaishe ni da yarensu, ya ce, "Wushe, Injiniya. Zauna nan." Ya ba ni guntun tsohon kebul da wuƙa da ƙaramin zarto, ya ce in fere baki in saka kan haɗi. Na yi, ya duba, ya yanke, ya ce in sake. Sati uku ina wannan a ƙarƙashin bishiya. Ban san abin da yake gani a jikin aikin ba har yake yankewa, kuma in na tambaya amsarsa ɗaya ce: "Ba haka ake yi ba." Ranar da bai yanke ba ma bai ce ya yi ba. Ya jefa shi cikin jaka ne kawai.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Bel, da igiya biyu masu ƙugiya, domin kada a taɓa samun lokacin da duka biyun ba sa maƙale. Hular kwano. Safar hannu, don da bazara ƙarfe yana toya fata. Sifana biyu, kowace da zare a ɗaure da bel, saboda sifanar da ta faɗo daga sama ba ta tambayar kan wa ta samu. Filaya, wuƙa, salatif iri biyu, mai danƙo da na roba. Igiyar jan kebul da ƙarfen da take gudana a kai. Sai mita, wadda ake jonawa a ƙasa ta nuna ko ƙarfin da rifita ta tura ya fita ta eriya ko ya dawo. Mita ita ce kayan da na fi yarda da su, kuma a nan muka bambanta da Baba Bukar. Shi hannunsa ya fi yarda da shi.

Akwai wata ɗabi'a da nake da ita wadda ya kamata in faɗa tun yanzu. In na ɗaure noti, sai na koma na sake taɓa shi. Wani lokaci nakan sauko hawa goma in sake hawa, don ban tuna ko na ɗaure na sama ba, alhali na ɗaure. Baba Bukar yakan ɗaga kai ya yi mini ihu: "Injiniya! Noti ba ɓarawo ba ne. In ka ɗaure shi sau ɗaya, ba ya gudu!" Ban ɗauki wannan a matsayin aibi ba. Har yau ma ban gama yanke hukunci a kai ba.

Masu ba mu aiki iri-iri ne. Akwai 'yan sintiri, waɗanda in batir ɗinsu ya mutu sai su ce hasumiya ce. Akwai masu aikin hanya, da ba sa kiranmu sai sun riga sun yanke kebul da kansu. Akwai wani mai motocin kifi da ya sa muka hau sau biyu, ashe direbansa ne ke kashe rediyo in ya tsaya cin abinci. Daga irin waɗannan mutum yake koyon kada ya yi saurin yarda da ƙorafi. Wataƙila mun koyi darasin fiye da kima.

Aikin da nake son in ba ku labarinsa na wata hasumiya ce a kan tudu a wajen Gashua, ta ɓangaren hanyar Dapchi. Wata ƙungiya ce mai tallafa wa ƙananan asibitocin ƙauye ta kafa ta, domin asibitocin da ke cikin fadama, inda waya ba ta kamawa, su iya kiran motar ɗaukar marasa lafiya daga gari. Ita ce mafi tsawo da na taɓa hawa zuwa lokacin. Da bazara muka ja kebul, ana tsananin zafi. Baba Bukar ya hau da sassafe, ya haɗa kan kebul da eriya da hannunsa, ya naɗe da salatif. Gwiwarsa ta fara damunsa a shekarar, saboda haka da rana ta take ya ce shi zai sauka, ni in bi kebul daga sama zuwa ƙasa ina ɗaure shi a jikin ƙarfe.

Da ya sauka na tsaya ina kallon aikinsa. Ƙasa kaɗan da wurin haɗin ya bar kebul ɗin ya yi ciki, ya lanƙwasa gefe kamar kamu ɗaya kafin ya miƙe. Tumbi yake kiran wannan. Na sha ganin yana bari a gajerun hasumiyoyi, amma ƙarami, kuma bai taɓa faɗin dalili ba. Wannan kuwa babba ne, har ya yi muni. Na zaro zanen da ƙungiyar ta ba mu. A zanen layi ne miƙaƙƙe daga eriya har ƙasa. Na yi tunanin ko gajiya ce ta sa dattijon ya bar shi haka. Na yi tunanin iska za ta riƙa kaɗa shi. Na yi tunanin jami'insu zai zo da abin hangen nesa ya ce ba a bi zane ba. In ƙwala masa kira daga can sama in tambaye shi kuwa, sai ya zama kamar ina tuhumarsa a gaban mutane. Sai na sassauta maɗauran sama, na ja kebul ƙasa har ya miƙe kamar tsirkiya, na ɗaure, na koma na sake ɗaurewa. Ban faɗa masa ba. Ba ɓoyewa na yi ba, ina jin. Na ɗauka gyara ne ƙarami da bai kai a ambata ba. Muka jona mita, ta nuna lafiya lau. Aka gwada, aka ji muryar Hajiya Yagana, ungozomar wani asibiti da ke can ƙetaren ruwa, kamar tana tsaye a gabanmu. Aka sa hannu, muka koma Nguru.

Hasumiyar ta yi sauran bazara da damina gaba ɗaya ba ko tari. Amma shekarar ba ta yi mana kyau ba. Ruwa ya yi yawa, ya cinye hanya a wurare da dama, tafiyar Nguru zuwa Gashua ta koma ta rabin yini. Masu ba mu aiki da yawa sun koma amfani da waya. Mun yi wata biyu ba mu ɗaura bel ba. Abin da muke sa rai da shi kawai wata sabuwar hasumiya ce da ƙungiyar nan za ta kafa a Kumagannam, wadda jami'insu, Malam Habu, ya ce Baba Bukar za a ba.

Da sanyi ya shigo aka kira mu. Hajiya Yagana ta ce rediyo yana mutuwa da sassafe. Muka taso daga Nguru bayan sallar asuba, muka isa bayan azahar. Rifita a kunne. Mita lafiya lau. Baba Bukar ya kira asibitin, Hajiya ta amsa nan take.

"Hajiya, ga shi kina ji na," in ji shi.

"Yanzu ina jin ka, Malam Bukar. Ai da rana kowa ma jarumi ne. Ku zo lokacin da nake nemanku."

Abin da ke mutuwa da sassafe ya farfaɗo da rana, duk wanda ya san aikin zai ce batir ne, tunda hasken rana ke caja shi. Muka sa aka canza batir. Bayan kwana shida aka sake kira. Muka dawo, muka tarar da komai lafiya. Na hau, tunda gwiwar Baba Bukar ba ta barinsa. Na taɓa kowane maɗauri, na duba salatif, ba alamar ruwa. Ya ɗaga murya daga ƙasa ya ce, "Saman lafiya?" Na ce, "Komai a ɗaure, Baba." Gaskiya na faɗa. Maganar tumbi ko kusa ba ta zo mini ba, wata takwas sun shige a kanta.

Mai gadin wurin wani Bafillace ne, Malam Jauro, rugarsa na nan gindin tudun. Kun san tsakanin Barebari da Fulani wasa ne, ba sa haɗuwa su rabu ba su tsokani juna ba. Tun zuwanmu na farko ya ce wa Baba Bukar, "Hasumiyarku kuka take yi da asuba. Kun shaƙe ta kamar yadda Babarbare ke ɗaure bakin buhun gero in ya hango baƙo."

Baba Bukar ya ce, "Ji bawana. Kai da ba ka san ƙarfe ba sai ƙararrawar wuyan saniya. Kawo mana nono, ka bar maganar manya."

"Nonon sai ka biya, don na san halinku. Amma tana kuka."

"Yunwa take ji, a gidan Bafillace take."

Aka yi dariya. Zuwa na biyu ya sake faɗa, aka sake dariya. Ni ma na yi. Duk abin da ya fito daga bakin Jauro zuwa kunnen Baba Bukar, a ma'aunin wasa ake auna shi, kuma shi ma Jauron bai san yadda zai yi wa abokin wasansa magana ba tare da ya sa mata gishiri ba.

Zuwa na uku muka cire rifitar ɗungurungum muka saka ta aro. Bai hana ba. Muka zargi rediyon Hajiya, aka kai mata wani. Bai hana ba. Na ce to bari in kwana a Gashua in zo da asuba in gani da idona. Na zo, na jona mita tun gari bai gama wayewa ba, ta nuna lafiya lau. Na kira Hajiya, ta amsa, ita ma tana mamaki. A lokacin ban lura cewa a ranar sanyin ya yi sauƙi ba. Na koma na ce wa Baba Bukar ban ga komai ba. Na rubuta a littafina abubuwa bakwai da za su iya zama sanadi, na soke shida, na bakwai ɗin kuma shi ne ko Hajiya ce ba ta danna maɓalli daidai in hannunta ya yi sanyi. Allah ya sa ban faɗa mata ba.

Sai ranar da aka kawo mata wata mata da naƙuda ta zo mata da gardama. Tun kiran sallar fari Hajiya ke kiran mota, shiru. A amalanken shanu aka ɗauko matar zuwa bakin ruwa, aka sa ta a kwale-kwale, sannan aka samu mota. Allah ya yi da sauran kwana, ita da jaririn duka sun rayu. Amma maganar ta kai inda ya kamata ta kai.

Malam Habu ya kira mu ofis. Mutum ne mai haƙuri, amma shi ma akwai na sama da shi. Ya ce an canza batir, an canza rifita, an canza rediyo, saura abu ɗaya. Ya ce wani ya gaya musu akwai masu karɓar sabon kebul su sayar, su ja na gwanjo a maimakonsa. Bai ce Baba Bukar ya yi ba, ya ce haka ake faɗa. Ya miƙa masa takardar dakatarwa har sai an bincika, ya ce maganar Kumagannam kuma a cikin mako mai zuwa za a yanke ta, kuma ba zai iya kai sunan wanda ake bincike a kansa ba.

Baba Bukar ya ninke takardar bai ba ni in karanta masa ba. Ya ce, "Malam Habu, shekara talatin ina hawa. Ko noti ban taɓa sa wa a aljihu ba." A sana'armu ba a ganin aikin mutum, yana can sama. Sunansa kawai ake saya. In aka ce ya taɓa musanya kebul, daga Nguru har Gaidam ba mai sake kiransa.

Washegari na ɗauki bel da mita na koma tudun ni kaɗai, na roƙi Malam Jauro masauki. Ban tafi da wata dabara ba. Na dai kasa zama ne. Da asuba sanyi ya sauko sosai, har ruwan alwala yana cizo. Bayan mun yi salla ya ce, "Ɗan boko, kai ba Babarbare ba ne, ko za ka ji magana. Tsaya nan ka yi shiru." Muka tsaya a gindin hasumiya. Can sai na ji tas. Jim kaɗan, tas, daga sama.

Na ce, "Ƙarfe ne yake sanyi, Baffa. Kowace hasumiya tana yi."

Ya ce, "Na yi gadin wata kafin wannan, ba ta yi haka." Ya ja ni wurin da yake ɗaure maruƙa, ya nuna mini doguwar igiyar da ke tsakanin turaku biyu. "Da yamma sako-sako na bar ta. Taɓa ka ji." Na taɓa, ta yi tauri. "Raɓa ce. In na ja ta tam da yamma, da safe sai in tarar ta tumɓuke turke. Ban san irin igiyarku ba, amma na san kukan abin da aka ja ya wuce kima."

Na shiga ɗakin rifita na jona mita. Allurarta ta tafi can ƙarshe. Wata biyu ina neman in ga haka. Na ba Jauro oba-oba na ce ya riƙe, na ɗaura bel na hau, yatsuna ba sa jin ƙarfe. A sama na tarar da kebul ya miƙe ya yi tauri, in ka buga shi har amo yake yi. Na sa kafaɗa a ƙarƙashin wurin haɗin na tura shi sama da ƙarfi. Jauro ya yi ihu daga ƙasa: "Ga matar nan tana magana!" Na saki. "Ta tafi!" Na sake turawa. "Ta dawo, faɗa take yi!"

Jan ƙarfe yana miƙewa da zafi, yana tsukewa da sanyi, kuma ya fi baƙin ƙarfen hasumiya tsukewa. A shekarar farko a makaranta aka koya mana wannan, har na ci jarrabawarsa. Ni kuma da tsakar ranar bazara na ja kebul ɗin, lokacin da ya fi kowane lokaci tsawo, na kashe tumbin da zai ba shi wurin ja da baya. Da sanyi ya zo bai samu inda zai ja ba sai wurin haɗin, yana zare allurar kaɗan. Rana na fitowa ya koma. Mu kuma kullum sai rana ta take muke isowa.

Na sassauta maɗauran sama, na ɗaga kebul da igiya na rataye nauyinsa a jikin ƙarfe, ya samu sarari. Mita ta dawo daidai. Hajiya ta ce tana ji na.

A nan ne ya kamata in sauka in shiga Gashua in buga wa Baba Bukar waya. Tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Amma na tuna hasumiyar nan ta taɓa yin aiki da asuba ta yaudare ni. In na je na ce na gano, gobe ta sake mutuwa fa? Sannan lokacin da na gama gyaran rana ta fara fitowa, to gyarana ne ya yi aiki ko ranar ce? Na ce bari in ga asubar gobe. Washegari ta yi aiki, amma na ga kamar sanyin bai kai na jiya ba. Na ƙara kwana. Rana ta uku ta yi aiki, sai na ce sau biyu zai iya zama dace. Jauro ya ce, "Ɗan boko, ko auren ruga za ka yi ne?" Rana ta huɗu sanyi ya fi na ranar farko, mita ba ta ko motsa ba. Sannan na naɗe kayana.

Washegari na sa aka kira Baba Bukar, muka haɗu a ofishin Malam Habu. Na fara bayani daga yadda ƙarfe ke tsukewa. Malam Habu ya saurara, ya saurara, sannan ya ɗaga hannu.

"Tsaya, Injiniya. Kebul ɗin sabo ne ko tsoho?"

"Sabo ne, ranka ya daɗe. Iyakar abin da na gani, sabo ne."

"To me ya lalace?"

"Ba za a ce ya lalace ba. Ja aka yi."

"Wa ya ja?"

"Wato a zanenku layin miƙaƙƙe ne, shi kuma Baba ya bar lanƙwasa, to sai aka gyara."

"Gyaran ne ya ɓata?"

"E. Kusan haka ne."

"Wa ya yi gyaran?"

"Ni ne."

Ya dube ni, ya dubi Baba Bukar. "To wanda ya bi zanenmu shi ya ɓata, wanda bai bi ba shi ne daidai? Me zan rubuta?" Ya jawo fayil, ya ce takardar dakatarwa an janye ta, zai kuma faɗa wa na sama da bakinsa cewa ba a taɓa kebul ba. Ya ba Baba Bukar haƙuri har sau biyu. Sannan ya ce, yana kallon tebur, aikin Kumagannam shekaranjiya aka ba wasu mutane daga Kano, an riga an sa hannu.

Muka fito. Baba Bukar ya tsaya a inuwar dogon yaro inda ya ajiye babur, bai hau ba.

"Yaushe ka gane?"

"Ranar Litinin, Baba. Amma ban tabbata ba."

"Talata fa?"

"Sanyin bai yi ƙarfi ba."

Ya ƙirga da yatsunsa, a hankali, ya tsaya a kan Laraba, ranar da aka sa hannu. Ya daɗe yana kallon yatsan.

"Yanzu ka tabbata?"

Na ce, "Ina ganin haka. Kusan."

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Ya ce, "Jan kebul, rabin laifin nawa ne. Shekara biyu kana bina ban taɓa gaya maka amfanin tumbi ba. Bafillacen nan ma ya faɗa, na mayar da shi mahaukaci, sai na kai masa goro. Duk wannan mu raba." Ya tayar da babur. "Amma kwana huɗun nan, Injiniya, naka ne kai kaɗai. Hau mu tafi. Gobe kai za ka mayar da tumbin."

Na mayar, yana ƙasa yana faɗa mini in ƙara, in ƙara, har ya fi na farko muni. Hasumiyar ba ta sake mutuwa ba, a iya sanina. Sunansa ya wanku, aka ci gaba da kiransa ƙananan ayyuka, ni ma bai kore ni ba. Amma doguwar hasumiya ba ta sake zuwa hannunsa ba, kuma bayan damina biyu gwiwar ta sauke shi gaba ɗaya.

Ta Kumagannam tana nan tsaye. Na wuce ta sau da yawa, kuma kowane lokaci sai na tsayar da mota na fito na ɗaga kai. Daga ƙasa ba a iya ganin ko sun bar tumbi.